Fam Miliyan 10 a Kan Tsohuwar Bentley: Ƙarfe Aka Saya Ko Shaida?

A tsakiyar shekarar 1990 wani dattijo mai shekara 85 ya shiga babbar kotun Landan domin ya ba da shaida a kan mota. Sunansa Walter Hassan. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, Bature ne haifaffen Landan, kuma bakanike ne tun yana ɗan shekara 15, lokacin da ya shiga kamfanin Bentley a matsayin yaron gareji. Abin da lauyoyi suka tsare shi da tambaya a kai aiki ne da ya yi da hannunsa shekara 58 kafin wannan rana: wane ƙarfe ya cire, wanne ya mayar, wa ya sa shi, kuma da ya gama, sabuwar mota ya ƙera ko tsohuwar ya gyara? A kan amsar tambayar nan ta ƙarshe fam miliyan 10 suke rataye.

Motar ƙirar Speed Six ce, wadda masu sha'awar tsere suke kira Old Number One, wato tsohuwa mai lamba ɗaya, saboda lambar da ta ɗauka a tseren Le Mans na 1929. Na daɗe ina juya shari'ar nan a raina, domin ta taɓo abin da duk mai riƙe da tsohon abu mai daraja ya sani ko da bai taɓa furtawa ba. In aka yi ta sauya sassan abu ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari abin da ya rage na farko bai taka kara ya karya ba, shin abin yana nan, ko ya tafi ya bar suna? A ganina alƙali ya yi daidai da ya ce motar tana nan. Sai dai hujjar da ta tsayar da hukuncinsa tana bakin wanda ya yi aikin da takardun da aka adana, kuma waɗannan biyun su ne kasuwar tsofaffin motoci ta fi yi wa riƙon sakainar kashi.

W.O. Bentley ya kafa kamfaninsa a 1919, yana ƙera motoci a unguwar Cricklewood da ke arewacin Landan. A layin dogo ya fara koyon aikin injiniya, kuma ana ganin haka a jikin motocinsa: manya, masu nauyi, waɗanda aka yi domin su jure. Ya iya inji, bai iya riƙe kuɗi ba. Zuwa 1926 kamfanin yana gab da rufewa, sai wani matashin attajiri mai son gudu, Woolf Barnato, ya zuba dukiyarsa ya zama shugaba.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin littattafan gwanjo ba su cika tsayawa a nan ba. Dukiyar Barnato gado ce. Mahaifinsa Barney Barnato ɗan talakawan gabashin Landan ne da ya tafi Kimberley a Afirka ta Kudu ya yi arziki da lu'ulu'u, daga baya ya sallama wa Cecil Rhodes haƙar ma'adinansa a kan cekin da ya haura fam miliyan 5, cinikin da ya ɗora kamfanin De Beers na Rhodes a kan kasuwar lu'ulu'un duniya. Ya mutu a teku a 1897, ɗansa bai cika shekara biyu ba. Waɗanda suka sauka cikin ramukan Kimberley baƙaƙen fata ne da ake kullewa a sansani har wa'adin aikinsu ya ƙare, ana caje su kamar ɓarayi. Duk wanda zai ba da tarihin mallakar motar nan, in da gaske yake, daga ramin nan zai fara, domin can kuɗin man da ta sha ya fito.

A 1929 aka ƙera ta, da inji mai silinda shida, lita shida da rabi, aka yi mata rajista da lamba MT 3464. Speed Six 182 kacal aka ƙera duka-duka. A watan Yunin shekarar Barnato da Tim Birkin suka tuƙa ta awa 24 a Le Mans a Faransa, suka ci kilomita sama da 2,800, suka zo na ɗaya, wasu Bentley uku suna biye da su a na biyu da na uku da na huɗu. Da shekara ta zagayo ta koma, Barnato da Glen Kidston a sitiyari. Wannan karon akwai abokin gaba na gaske, Rudolf Caracciola a cikin wata farar Mercedes mai ƙarfin tsiya. Suka yi ta kora da kai har cikin dare, har motar Bajamushen ta gaji ta tsaya. Tsohuwa mai lamba ɗaya ta sake ci. Mota ɗaya, Le Mans biyu a jere. Barnato kuwa ya cika uku ke nan, sau uku ya shiga, sau uku ya ci.

To amma "mota ɗaya" ɗin nan ita ce matsalar. Motar tsere ba a ajiye ta a lulluɓe. Duk tseren da ta dawo sai kanikawa sun warware ta, su duba abin da ya tsage, su jefar da abin da ya gaji, su ɗauko wani daga shago ko daga jikin 'yar'uwarta. Tsakanin Le Mans na farko da na biyu ta yi wasu tsere, ta yi hatsari, an sake mata abubuwa da yawa. Babu wanda ya ga laifin haka a lokacin, domin babu wanda yake tunanin gidan tarihi. Abin da ke gabansu shi ne ranar Asabar mai zuwa. Ke nan tun a 1930, shekara ɗaya da haihuwarta, wanda ya ce sai ƙarfen farko zai yarda da shi ya riga ya makara.

Bayan nasarar 1930 kamfanin ya janye daga tsere. Tattalin arzikin duniya ya karye, masu sayen manyan motoci suka yi ƙaranci, Barnato ya daina zuba kuɗi, a 1931 Rolls-Royce ta saye Bentley. Barnato ya riƙe motar a matsayin tasa ta kansa, ya kuma ɗauki Hassan ya zama bakaniken gidansa. A shekarar Jack Dunfee da Cyril Paul suka ci tseren mil 500 da ita a Brooklands, da matsakaicin gudun da ya kai kusan kilomita 190 a awa.

Brooklands fili ne na kankare a yankin Surrey, an buɗe shi a 1907, kwanoninsa a tashe suke kamar gefen kwarya domin mota ta sha kwana ba tare da rage gudu ba. Kankaren ya tsufa, ya yi gargada, yana jijjiga mota har ƙashinta. Shasin Speed Six, wato firam ɗin ƙarfen da komai na mota yake zaune a kai, ya fara gazawa. Domin tseren 1932 Hassan ya yi abin da duk bakaniken kirki zai yi in maigida ya ce yana son ƙarin gudu da ƙarin ƙwari: ya ɗauko shasin wata ƙirar Bentley mai lita huɗu, wanda ya fi kauri, ya kwashe abin da zai kwasu daga tsohuwar ya ɗora a kai, daga baya aka saka mata inji mai lita takwas, aka yi mata sabon bodi. Sabon shasi, sabon inji, sabon bodi. In aka faɗe shi haka a jere, mai sauraro zai ce to me ya rage?

A watan Satumban 1932 'yan'uwa biyu, Jack da Clive Dunfee, suka shiga tseren mil 500 da ita. Jack ya fara, ya miƙa wa ƙanensa. Clive yana ƙoƙarin wuce wata Bugatti a can ƙololuwar kwana sai tayarsa ta zarce bakin kankaren. Motar ta daki itace, ta wurgar da shi, ta faɗa ta bayan gangaren. Nan take ya mutu. Matarsa, 'yar wasan kwaikwayo Jane Baxter, tana cikin masu kallo.

Barnato bai sake sa ta tsere ba. Ya sa aka tattaro ta, Hassan ya sake gyara ta, aka yi mata bodi mai rufi, ta koma motar hawa a kan titi. Daga nan ta shiga rayuwar da kowace tsohuwar mota take yi, daga hannu zuwa hannu. Wasu suka cire rufin suka mai da ita buɗaɗɗiya mai kujera biyu. Ta haye teku ta yi shekaru a Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 ta dawo Ingila ta faɗa hannun wani mai tara tsofaffin motoci, Edward Hubbard, wanda ya sa aka mayar da ita siffarta ta Brooklands.

Lokacin kuwa kasuwar tsofaffin motoci ta haukace. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 farashi ya yi ta ninkawa, mutanen da ba su san inda ake zuba wa mota ruwa ba suka shigo da kuɗin banki suna saye domin su sayar. A cikin wannan zazzaɓi kamfanin Middlebridge, mai ƙera motar Scimitar, wanda rukuninsa ya mallaki tawagar tsere ta Brabham da kuɗin wani attajirin Japan, ya ƙulla ciniki da Hubbard a kan fam miliyan 10, mafi yawa tsabar kuɗi, ragowar kadarori. Aka sa hannu. Sai mai saye ya ja da baya, ya ce abin da aka nuna masa ba shi ne abin da ya yi ciniki a kai ba. Ba zan shiga zuciyar kowa ba, amma ana lura da cewa a daidai lokacin ne kasuwar ta fara sanyi. Hubbard ya kai ƙara, yana neman kotu ta tilasta a cika alkawari.

Hujjar mai saye ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Cewa ya yi shi motar da ta ci Le Mans yake so, ita kuwa ta daina wanzuwa ranar da Hassan ya ajiye shasinta gefe. A al'adar masu harkar, shasi shi ne mota. A kansa ake buga lamba, da shi hukuma take sanin abin hawa. In ka sauya shi, ka kuma sauya inji da bodi, to sabuwar mota ka ƙera ka ara mata sunan tsohuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota ya sa aka leƙa masa lambar shasi aka gwada da ta takarda ya san nauyin wannan magana.

Mai shari'a Otton ya saurari masana, ya duba takardun kamfani da rahotannin jaridun zamanin, ya saurari Hassan. Ya kuma yi amfani da rabe-raben da Denis Jenkinson, shahararren marubucin tseren motoci, ya tsara domin bambance matsayin tsofaffin motocin tsere. Ya yarda cewa ba za a kira ta ta asali ba, domin ba haka ta fito daga masana'anta ba, kuma da wuya a sami motar tseren da ta cancanci wannan suna. Amma ya ce ingantacciya ce, saboda tarihinta bai taɓa yankewa ba. Babu ranar da aka rushe ta aka watsar, daga baya wani ya zo ya tsinci guntu ya gina wata. Kowane sauyi an yi shi ne a jikin abin da ke tsaye, da umarnin mai ita, domin aikin da take yi, kuma mai ita da bakanikensa da 'yan jarida da 'yan kallo duk sun ci gaba da kiranta da sunanta. Ya ƙara da cewa babu wata Bentley, mai rai ko matacciya, da za ta iya da'awar wannan suna. Hubbard ya ci shari'a.

Na yarda da wannan hukunci, kuma dalilina ba na lauya ba ne. Mu da muka tashi a cikin ginin ƙasa mun san amsar tun kafin a yi tambayar. Hasumiyar masallacin Agadas an fara gina ta a 1515, an sake gina ta a 1844, kuma tun daga nan ruwa da iska suna cin jikinta ana sake yaɓe. Wane ne zai nuna maka dunƙulen ƙasar da magini na farko ya ɗora? Amma babu mai hankalin da zai ce wata hasumiya ce daban. Abin da ya sa take ita ce shi ne ba a taɓa barinta ba, hannu yana karɓa daga hannu, a wuri ɗaya, domin aiki ɗaya. Da za a rushe ta a share filin, bayan shekara hamsin wani ya zo da siminti ya yi mai kama da ita sak, kowa zai ji a jikinsa cewa wannan kwaikwayo ne, ko da ya fi ta farko kyau.

Malamanmu na hadisi ma da wannan ma'auni suke aiki. Ba daraja nake kwatantawa ba, hanyar tantancewa nake nufi. Ba sa tsayawa ga daɗin lafazi, sai sun tambaya wa ya ji daga wa, shin sun haɗu, shin amintacce ne, shin akwai giɓi a silsilar. Abin da Otton ya yi ke nan da mota. Ya bi silsila daga 1929 zuwa 1990 yana neman inda ta katse, bai samu ba. Wurin da ya fi rauni shi ne 1932, kuma Allah ya sa mutumin da ya ɗaure wannan ƙulli da hannunsa yana raye, da hankalinsa, ya zo ya faɗi abin da aka sa shi da abin da ya yi: gyara aka ce ya yi, gyara ya yi.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini. Hassan ba ƙaramin mutum ba ne a tarihin injiniyan Ingila. Bayan Barnato ya shiga Jaguar, yana cikin waɗanda suka fito da injin XK, ya koma Coventry Climax inda aka yi injunan da suka ci gasar duniya ta Formula 1, ya dawo Jaguar ya jagoranci aikin injinsu mai silinda goma sha biyu. Amma a 1932 bakaniken gida ne ɗan shekara 27, sunansa ba ya kan kofi, ba ya kan takardar mallaka. A jerin sunayen da ake karantawa ranar gwanjo, masu mota ake lissafawa, wane ya sayar wa wane. Da ranar gaskiya ta zo, Barnato ya rasu tun 1948, W.O. Bentley ya rasu, matuƙan duk sun tafi. Wanda ya rage shi ne mai baƙin mai a farce. Da ya riga su tafiya, da lauyoyi sun yi ta jayayya a kan hotuna da lambobi, kuma ba na jin hukuncin zai tsaya da ƙafarsa kamar yadda ya tsaya.

Duk da haka akwai abin tsoro a cikin hukuncin, kuma zan faɗe shi. Kalmar nan ta tarihi mara yankewa ta yi wa dillalai daɗi fiye da kima. An mayar da ita alkyabbar da ake yafa wa duk abin da aka ga dama. Mutum zai sami guntun ƙarfe mai lamba da tsohuwar takardar rajista, ya kai gareji a ƙera masa sauran kashi casa'in da tara, ya fito yana cewa ai kotu ta ce ƙarfe ba shi ne mota ba. Sananne ne a harkar cewa mota ɗaya takan haifi biyu ko uku: wani yana da tsohon shasin da aka cire, wani yana da injin, wani yana da takarda, kowa yana rantsuwa tasa ce ta gaskiya. Otton bai buɗe wannan ƙofa ba. Sharuɗɗansa masu tsauri ne, sai an nuna cewa babu lokacin da motar ta daina zama mota, sai an nuna wanda ya yi sauyin da dalilinsa, sai kuma babu kishiya mai da'awa. Wanda ya ɗauki rabin hukuncin ya bar sharuɗɗan, zamba yake shirin yi.

Akwai kuma tambayar da kotu ba ta da hurumin amsawa, ita ce ta gyaran kansa. In mota ta yi rayuwa biyar, wacce za a mayar da ita? Ta 1929 mai kujera huɗu da ta ci Le Mans? Ta 1932 da ta kashe Clive Dunfee? Mai rufin da Barnato ya riƙa hawa bayan ya haƙura da tsere? Duk wadda mai gyara ya zaɓa, ya shafe sauran. Kuma kusan kullum ranar ɗaukaka ake zaɓa, domin ita ke kawo kuɗi. Ni kuwa shekarun rufin nan sun fi taɓa ni. Mutum ya ga motarsa ta kashe abokinsa, bai jefar da ita ba, bai kuma sake barin wani ya yi tsere da ita ba, ya rufa mata kai ya ci gaba da zama da ita. Wannan ma tarihi ne, kuma babu sauran alamarsa a jikin ƙarfe. An cire shi tun da daɗewa saboda buɗaɗɗiyar mota ta fi burge ido.

Shi ya sa nake ganin gyaran da ya wuce kima ɓarna ne da aka yi wa ado. An yi zamanin da ake ɗaukar tsohuwar Rolls-Royce ko Bentley a kankare ta har ƙashi, a zubar da fatar kujerun da ta sha zama, a fesa fenti mai ƙyallin da masana'antar ba ta taɓa iya yi ba, a goge kowane ƙusa har ya zama madubi. Sakamakon mota ce da ta fi sabuwa sabunta, wadda ba ta taɓa wanzuwa a kowace shekara ba. Alhamdu lillahi tunani ya fara juyawa. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta amince da wata yarjejeniya mai sunan birnin Turin a 2012, wadda ta fifita adanawa a kan sabuntawa, ta kuma nemi a rubuta duk abin da aka taɓa. A 2024, a bikin Pebble Beach na Amurka, inda aka saba ba mai ƙyalli kambu, wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ba, da tabonta da kodaddiyar fatarta, ita ta ɗauki babbar kyauta, karo na farko ke nan. Tsohuwar zuma da ita ake magani, sai yanzu suka tuna.

Ta ɗaya gefen kuma kamfanonin da kansu sun shigo kasuwar. Bentley, wadda take hannun Volkswagen tun 1998, ta ƙera sababbin motoci 12 a kan wata ƙirarta ta 1929 mai suna Blower, ta bi su da Speed Six guda 12. Jaguar da Aston Martin sun yi irin haka da nasu tsofaffin ƙirar. Ba na ganin laifinsu muddin an faɗi gaskiya, kuma suna faɗi. Har ma sun taimaka wajen fito da maganar fili. Ga Speed Six sabuwa fil, daga kamfanin da ke da sunan, an bi zanen asali ƙusa bayan ƙusa, wataƙila ta fi tsohuwa mai lamba ɗaya kama da motar da ta tsaya a layin farawa a 1929. Amma ba ta je ko'ina ba, ba ta ci komai ba, ba wanda ya mutu a cikinta, ba wanda ya kwana a ƙarƙashinta da fitila. Ba mai ruɗa su, kuma farashinsu ba ya kusantar juna.

Maganar ba ta tsaya a Ingila ba, tunda irin waɗannan motoci sun iso mu tun zamanin Turawa. Duk wanda ya saba da hidimomin fadar Kano ya san tsohuwar Rolls-Royce da ake fitowa da ita, wadda ta ga sarki fiye da ɗaya. Irinta sai da hannun kanikawa take kai wannan shekaru, kuma a ƙasar da kayan gyaranta ba sa samuwa a kasuwa, dole an yi dabaru, an ƙera abin da babu, an daidaita abin da bai zo daidai ba. Wannan ba abin kunya ba ne, irin aikin Hassan ne. Abin da nake fata shi ne a zauna da dattawan direbobi da kanikawan da suka riƙe irin waɗannan motoci, a fadoji da gidajen tsofaffin attajirai, a rubuta abin da suka sani tun suna iya faɗi: yaushe ta zo, wa ya fara tuƙa ta, wace shekara aka sauke inji, me aka sauya, ina aka kai tsohon. Littafi ɗaya na makaranta da biro sun isa. Mu mutane ne masu riƙe tarihi a ka, muna da maroƙan da za su jero sarakuna ba tuntuɓe, amma ban taɓa jin wanda ya jero kanikawan fada ba.

Middlebridge ba ta daɗe ba bayan shari'ar. Ƙera Scimitar ya tsaya, Brabham ma ta rufe a 1992, kasuwar da ta kai mota fam miliyan 10 ta faɗi warwas, ta ɗauki shekaru kafin ta farfaɗo. Motar ta ci gaba da tafiyarta zuwa wasu hannaye, ana fito da ita a manyan bukukuwa ana tayar da injin mutane suna taruwa. Walter Hassan ya rasu a 1996, shekara shida bayan ya tsaya a gaban Otton. Yau babu sauran mai rai da ya riƙe sifana a kanta a 1932. Abin da ya faɗa yana cikin kundin kotu, an ɗauke shi ne kawai domin mutum biyu sun yi rigima a kan kuɗi, suka tilasta wa wani ya tambaye shi.